Benci Daga Ƙafa Yake Mutuwa

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Mahuta, da ta ƙasar Kafur da ta ƙasar Ɗandume, da sauran 'yan'uwa manoma tun daga Funtuwa, Bakori, Ɗanja har Malumfashi. Ina fatan ana aikin kaka lafiya. Allah ya sanya albarka a abin da aka samu.

Yau maganar abin zama za mu yi. Bencin ƙofar masallaci, bencin mai shayi, dogon bencin majalisa da ke gindin bedi, teburin mai tsire, gadon katakon da Baba ke kishingiɗa a kai bayan La'asar, har da 'yar kujerar tsugunno da Inna ke ja daga bakin murhu zuwa gindin turmi. Kayan da ke kwana waje su yini waje, damina da rani. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar taki da kuɗin makarantar yara, wa ke ta benci? To ai saboda tsadar ce na ɗauko zancen. Duk wanda ya leƙa 'yan katako a Funtuwa kwanan nan ya tambayi kuɗin falanki ɗaya, ya san benci ya wuce abin da za a bari ya lalace a ce gobe a yi wani.

Idan akwai benci kusa da kai yanzu, mai sauraro, ka ba mutanen da ke kai haƙuri su ɗan tashi, ka kifa shi. Saman da ake zama za ka tarar da shi sumul, zama ya goge shi, ba abin da ya same shi sai ɗan fari da ya yi. Sai ka dubi ƙafafun. Daga ƙasa zuwa kamar taƙi ɗaya katakon ya yi baƙi. Ka sa ƙusa ko bakin wuƙa ka danna. In ta shige ba ka yi wani ƙarfi ba, ruɓa ta kama shi. In ka ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa ta hau jikin ƙafar, gara ta riga ka zuwa. Ka ƙwanƙwasa da yatsa ka saurara, wanda aka cinye cikinsa amsar fanko yake yi. Yawancin bencin da ake farfasawa a sa a murhu a garuruwanmu, samansa lafiya lau yake. Ƙafa ce ta ci amanarsa, mu kuma duk hidimarmu a sama take, can inda ido ke gani.

Me ya sa ƙafa? Icce tun yana tsaye a daji, cikinsa cike yake da 'yan hanyoyi siraru waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Sare shi ba ya toshe su. Duk inda zarto ya gitta katako, bakin waɗannan hanyoyi ne a buɗe, kuma ta nan katako ke shan ruwa ninkin ba ninkin abin da yake sha ta gefe. To a kan wannan yankakken bakin ne benci ke tsayawa. Wurin da ya fi ko'ina ƙishirwa, shi muka dasa a ƙasa.

Kuma ƙasarmu ta kudancin Katsina ba irin ta Daura ko Jibiya ba ce. Ruwan da ke sauka mana a shekara yakan kai wajen milimita 1,000, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Shi ne ya sa masara da auduga da waken suya ke karɓarmu, alhamdu lillahi. Amma a watan Agusta, in marka ta kankama, ƙofar gida kan yi makonni ba ta bushe ba. Masana katako sun auna sun gano cewa muddin damshin da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin 100 ba, fumfunar da ke ruɓar da shi ba ta iya aiki. Saman benci, ruwa ya dake shi da safe, rana ta fito, kafin Magariba ya sha iska. Ƙafa kuwa tsotso take yi dare da rana. Ita ma garar da ta fi yi mana ɓarna daga ƙasa take fitowa. Ba ta son haske, ba ta son busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya. Jiƙaƙƙiyar ƙafar benci a kan ƙasa, ai an ba ta abinci, an ba ta ruwa, an kuma kafa mata tsani.

Saboda haka maganin farko ba a shago ake sayar da shi ba, kuma manomi ya fi kowa saninsa. Wa ya taɓa gina rumbu ya ajiye gindinsa a kan ƙasa? Sai an jera duwatsu an ɗora shi, iska na ratsa ƙarƙashi, kaji na shiga suna tsince duk ƙwaron da ya taso. Abin da muka yi wa hatsi shekara aru-aru, shi benci ke roƙo. Faffaɗan dutse huɗu, ko gutsuren bulo, ko a yanko tsohuwar tayar mota a buga a ƙarƙashin kowace ƙafa. Inci ɗaya ko biyu ma ya isa, muddin katako bai taɓa ƙasa ba. Sannan a riƙa gusar da shi ana share wurin, don gara ba ta son a dame ta, bencin da ya shekara bai motsa ba shi take samu yadda take so. In hadari ya taso kuma ba zaure ko rumfar da za a shigar da shi, a jingina shi a tsaye ruwan ya zurare. Wasu sukan lulluɓe tebur da leda su ɗaure tam, suna ganin gata suka yi masa. Ruwan sama bai shiga ba, gaskiya ne, amma gumin ƙasa ya taso ya rasa hanyar fita, sai katako ya kwana cikin turiri. In za a rufe, a rufe sama a bar gefe a buɗe.

Akwai kuma tsohuwar dabarar babbaka. Mai kafa dirka ko shinge yakan babbake gindin iccen kafin ya binne shi. Masassaƙanmu suna ƙona akushi har ya yi baƙi wuluk, su bi shi da mai. Can ƙasar Japan ma sun daɗe suna babbake falankan da suke rufe bangon gida da su, yanzu har masu kuɗi a Turai da Amurka sun ɗauki abin a matsayin ado. Babbaka tana taimakawa, tana sa fatar katako ta rage shan ruwa. Amma kada wani ya ce na ce ta gama da gara. In gawayin ya tsage, ɗanyen katako ne a ciki.

Damina na wucewa sai hunturu ya karɓa, shi kuma nasa aikin daban. Laimar da ke cikin iska, wadda a Agusta ta cika ko'ina, a Janairu takan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100. Katakon da ya kumbura sai ya tsuke. Ba ta tsawo yake tsukewa ba, ta faɗi ne, shi ya sa za ka ga falankan tebur biyu da suke manne a damina sun buɗe har kwabo zai faɗa. Mahaɗi ya saki, kan ƙusa ya taso yana kama riga, benci ya fara rawa yana kuka in an zauna. Katako a hunturu tamkar diddigen mutum yake: in ba a shafa masa mai ba sai ya yi kaushi, daga kaushi sai faso. Kowane faso kuwa mashigar ruwa ce in damina ta dawo. Rana ma ba ta ƙyale shi ba. Akwai wani ɓangare na haskenta da ido ba ya gani, wanda ke cinye danƙon da ya riƙe zaren katako. Shi ne wannan fari-fari mai ruwan toka da kuke gani a tsohon benci, wanda in ka kankare da farce yake fitowa kamar gari.

A nan ne nake da ja da abin da aka saba. In mutum ya kai benci gyara, abin da yake so ya gani shi ne sheƙi. Kafinta ya lafta masa banish mai kauri, ya yi ta walƙiya, mai kaya ya biya yana murna. Banish na cikin ɗaki ne, jama'a. A kan gadon amarya ko kabad zai yi shekaru, don ba rana ba ruwa. A waje kuwa, wata busasshiyar fata yake yi a saman katako, katakon na kumbura yana tsukewa a ƙarƙashinta, ita ba ta iya binsa. Sai ta tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya kasa fita, ya yi baƙi a ƙarƙashi. Tun da kuma banish garai yake, hasken rana na ratsa shi ya ci katakon da yake manne a kai, sai ya fara ɓarewa falle-falle. Kafin damina ta biyu benci ya fi da muni, kuma ba a iya shafa wani abu a kai sai an kankare shi gaba ɗaya. Fentin ruwa na bango kuwa kada ma a fara, ruwan farko zai tafi da shi.

Abin da katakon waje ke so shi ne mai tsinkakke wanda zai shige cikinsa, da ɗan launi a ciki. Man ya cike ƙofofin da ruwa ke bi, launin ya tare rana. Ba ya sheƙi sosai, amma ba ya ɓarewa. Dushewa yake yi a hankali, in ya dushe a wanke a sake shafawa, ba kankara ba wahala. Akan samu irin wannan a gwangwani a manyan shagunan fenti, akan kuma samu man linsid, wanda masu aikin katako a duniya suka daɗe da dogara da shi. Wanda bai samu ba, fentin mai na gwangwani ya fi banish nesa ba kusa ba, don launinsa na tare rana. A tsinka shafin farko da tina sosai don katako ya sha, sannan a bi da na biyu. Hodar kalar nan ja ko ruwan ƙasa da magina ke zubawa a siminti, ita ma ana dama 'yar kaɗan a cikin mai, kuma rana ba ta kashe launinta da wuri.

Na san tambayar da ke bakin wasu: ga man gyaɗa a gida, ga manja, ga man kaɗe, me zai hana? Abin da zai hana shi ne ba kowane mai ke bushewa ba. Man linsid in ya sha iska yakan daskare ya zama ɗaya da katako. Man gyaɗa da manja ba sa yin haka. Za su zauna da danƙo, ƙura ta manne, su yi ɗoyi, kiyashi da ɓera su samu wurin zuwa. Wani abin sha'awa shi ne, yawancin fentin mai da muke saye, ƙashin bayansa wani danƙo ne da masana'antu ke dafawa daga man tsirrai, ciki har da man waken suya. Wato waken da ake lodawa a manyan motoci daga kasuwannin Ɗandume da Funtuwa, irinsa ne ke dawo mana a gwangwani. Amma sai an sarrafa shi, ɗanyensa ba zai yi aikin ba. Man 'ya'yan bedi kuwa, gara da ƙwari ba sa son sa, wannan gaskiya ne, sai dai rana na kashe ƙarfinsa da wuri. A ƙarƙashin benci da ƙafafu, inda inuwa take, yana da amfani in ana maimaitawa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Mu ba mu tashi gyaran kaya sai Sallah ta matso ko biki ya taso. Ita kuwa Sallah ba ta bin damina da rani, kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11. A 2019 Babbar Sallah ta faɗo ranar 11 ga Agusta, tsakiyar marka. Duk wanda ya yi wa benci fenti a makon nan, a kan jiƙaƙƙen katako ya yi, ya kulle ruwa a ciki da kuɗinsa. Tsakiyar hunturu ma ba lokaci ba ne. Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi ba ta neman izini, za ta sauka a kan ɗanyen fenti ya bushe da garas-garas. Lokacin da ya fi dacewa shi ne wannan da muke ciki: ruwa ya ɗauke, an samu mako uku ko huɗu katako ya bushe har ciki, ƙura ba ta kankama ba. Wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Kuma Allah cikin ikonsa, shi ne lokacin da ɗan kuɗi ke shigowa hannun manomi. Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Wanda ya rasa wannan, sai ya jira Maris ko Afrilu kafin ruwan farko, amma ya yi aikin da sanyin safiya a inuwa, don katakon da rana ta gasa yana busar da mai tun bai shige ba.

Aikin kansa ba wani mai wuya ba ne, yaro mai hankali zai iya. A fara da wanki, ruwa da sabulu da burushi mai tauri. Inda fumfuna ta yi baƙi a zuba ɗan ruwan bilic na wanki, kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku ko huɗu, a ɗauraye sosai. Kada a gauraya shi da wani sinadari, hayaƙin da zai taso na iya shaƙe mutum. A bar shi ya bushe kwana biyu ko uku a inuwa. Sannan a yi gyara tun kafin shafa: ƙafar da ta ruɓe a yanke har inda lafiyayyen katako ya fara, a daidaita sauran ukun, ko kafinta ya sa sabuwa. Ƙusar da ta yi tsatsa a zare. Baƙin zoben nan da kuke gani kewaye da kan ƙusa, ƙarfe ne ya haɗu da ruwan ɗacin da ke cikin katako, kuma wurin ne ke fara rauni. A mayar da ƙusa mai farin rufi irin ta kwano, ko noti mai zare, wanda ya fi riƙo in katako na motsi.

Daga nan sai samfefa. A fara da mai kaushi, lamba 80, a gama da lamba 120. Ba a bukatar wuce haka, don katakon da aka goge ya yi santsi da yawa ba ya shan mai. A bi tsawon zaren katako, kada a gitta. A kashe kaifin gefuna su ɗan yi gwaɓi, don a kan kaifi fenti ke fara ɓarewa. In ana son sanin ko katako ya shirya, a ɗiga masa ruwa. In ya shanye cikin ɗan lokaci, zai sha mai. In ɗigon ya tsaya yana ƙyalli, akwai sauran tsohon shafi.

Wajen shafawa kuma, a kifa bencin a fara da inda ba a gani. Ƙafafu su ne manyan baƙi. A samu gwangwani huɗu, a zuba maganin katako irin Solignum da kafintoci ke shafa wa katakon rufi, a tsoma kowace ƙafa ta kwana tana sha. Wannan tsomawar ta dare ɗaya ta fi shafin burushi goma. A bi ƙarƙashin falanki, da bakin yanka na kowane gefe, da mahaɗai. Saman da ake zama shi ne na ƙarshe, kuma da mai ko fenti kawai, ba da magani ba. A shafa siriri, a jira kamar kwata na awa, a goge abin da bai shige ba da tsumma. Kashegari ko jibi a ƙara. Shafi biyu siraru sun fi ɗaya mai kauri. Sannan a yi haƙuri a hana mutane zama sai ya bushe, ko da limamin unguwa ne.

Tsumman da aka yi aikin da shi, ina roƙo a saurare ni da kyau. Man da ke bushewa, irin linsid, yana fitar da zafi yayin da yake bushewa. In aka dunƙule tsummoki aka jefa a lungu, zafin na taruwa har su kama wuta da kansu, ba ashana ba garwashi. A Fabrairun 1991, a birnin Filadelfiya na Amurka, irin waɗannan tsummoki da ma'aikata suka bari ne suka tayar da gobara a wani bene mai hawa 38, 'yan kwana-kwana 3 suka rasa rayukansu. Mu kuwa a kaka muke, ga kara, ga harawa a kan rumfa, ga auduga a ɗaki. A shanya tsumma a buɗe a kan ƙasa har ya bushe ƙamas, ko a tsoma shi a bokitin ruwa.

Yanzu bari mu zo kan baƙin mai, don na san tun ɗazu wasu ke cewa, duk wannan dogon turanci na mene ne, ga bakanike nan zai ba ka galan kusan kyauta. Ba zan musa ba, baƙin mai na korar ruwa, gara ma ba ta rububinsa. Amma man da ya gama yawo a injin mota ko injin niƙa ya kwaso gurɓataccen ƙarfe da dattin ƙuna, kuma likitoci sun tabbatar yawan taɓa shi na iya jawo cutar daji ta fata. Ba ya bushewa har abada. Duk ranar da aka yi zafi sai ya tsattsafo, farar rigar Juma'a ta shaida. Yara na hawa benci, su dafa, su sa hannu a baki. Hukuncina a nan gajere ne: baƙin mai ba shi da wuri a kan abin da mutum ke zama ko yake cin abinci. Ko a gindin dirka ko ƙarƙashin amalanke aka shafa, a nisanta shi da rijiya da lambu.

Haka ragowar maganin feshi na gona. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai 'yar kwalba a saƙale, kuma hannu na saurin kai wa gare ta in an ga gara. Dattawa za su tuna Gamalin, yadda aka riƙa zuba shi a komai. Sinadarin da ke cikinsa, a 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da aka amince a daina, a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, saboda ba ya narkewa, taruwa yake a jikin mutum. Shi ma tsohon fenti a yi hattara da shi. An sha samun dalma a cikin wasu fentin mai a kasuwannin ƙasashe da dama, har da Najeriya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun san dalma: a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da ita ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba na cewa bencinka zai yi wannan ɓarna, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. In za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi tukuna don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a kori yara, a kwashe dattin a binne.

Iyayenmu mata kuma, turmi da taɓarya da muciya da akushi, babu magani babu fenti, ko kaɗan. Su man gyaɗa ko man kaɗe ya dace da su, tun da kullum ana wankewa ana amfani. Turmi a kifa shi a kan dutse a inuwa, kada a bar ruwa ya kwana a ciki. Teburin mahauci da na mai tsire, a yi wa ƙafafu magani, sama kuwa kankara da wanki da gishiri. Allon almajiri ma babu magani babu fenti, tun da akan wanke rubutu a sha.

Wani zai ce, wannan duk ɗawainiya ce, in ya lalace a sake wani mana. Da wane katakon? A da kafinta na da zaɓi. Ga maɗaci, ga kawo, ga madobiya, masassaƙi na da ƙirya da marke da kanya, itatuwan da jan cikinsu gara ke shakka. Madobiya, 'yan kasuwar China sun yi mata wawa don kujerun alfarma, aka yi ta lodinta daga Taraba da maƙwabtanta zuwa tashar jiragen ruwa, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da takardar izini. A 2022, a taron Panama, maɗaci da kawo suka bi sahu. Ƙirya ta tafi a gawayi. Dazuzzukan da ke yamma da mu, wajen Birnin Gwari, kowa ya san rashin tsaron da ya hana mai gatari shiga, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Abin da ya rage a kasuwa mai sauƙin kuɗi shi ne malaina da farin katakon kudu mara nauyi, waɗanda ba a halicce su don kwanan waje ba. Bedi, wanda aka shigo da shi ƙasar nan ta Barno wajen 1928, dangin maɗaci ne kuma katakonsa ba laifi, amma shi ne inuwarmu, ba za mu sare shi don mu samu abin zama a rana ba. Saboda haka tsohon bencin jan katako da ka gada a ƙofar gida, ko da kuɗi a hannu da wuya ka samu irinsa yau. Kujerar roba kuwa, mun ga yadda rana ke mayar da ita, ta yi fari ta yi gautsi, wata rana ta watse da babban baƙo a tsakiyar ɗaurin aure, kuma ba kafintan da zai iya ɗora ta.

Kafintocinmu, ku ma da ku nake. In mutum ya ce benci yake so, ku tambaye shi, na ɗaki ko na waje? In na waje ne, kada filawud ko katakon garin zarto da aka matse ya shiga ciki, ruwa ɗaya ke kumbura su. Farin gefen falanki, wanda ke kusa da ɓawo, ko na maɗaci ne ƙwaro na cin sa, kada ya zama ƙafa. Ku bar 'yar tazara tsakanin falankai ruwa ya samu mafita. Ku gaya wa mai kaya gaskiya a kan banish ko da ransa bai so ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babbar matsalar bencin waje dai ita ce kowa na zama, ba mai shi. Na mai shayi yakan daɗe, don da shi yake cin abinci, shi ke shigar da shi da dare. Na masallaci da na majalisa da na makarantar Islamiyya su ne marayu. Don haka ina kira ga kwamitocin masallatai, da shugabannin makarantu, da 'yan majalisar da ke raba dare ana shayi ana siyasa: a wannan makon ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin kayan zamanku, ku kira sunansa kowa ya ji. In an kai masara kasuwa kowa ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa, a sayi samfefa da gwangwanin mai da na magani, a kira kafintan unguwa a biya shi hakkinsa. Ku yi shi kafin ƙurar Disamba ta sauka.